Yadda Aka Rubuta 'Yar Ƙanena Tsintacciya

Ƙanena mutum ne mai kunya, irin kunyar da take ba ni haushi tun muna yara. Ciki ɗaya muka fito, amma ni na kwashe bakin gidan duka, na bar shi da sunkuyar da kai. Yana noma a ƙauyenmu da ke gefen garin Babban Mutum, da rani ya taɓa fataucin awaki. Ni kuwa aure da aikin koyarwa suka kai ni Sandamu. Ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci a jiharmu ba matarsa ta rasu, ta bar 'yar wata takwas, 'yarsu ta fari, wadda aka sa wa sunan marigayiya mahaifiyarmu.

Ranar sadakar bakwai na ce a ba ni yarinyar. Kakarta ta wajen uwa ta ce ita za ta zauna a gidan ta riƙe ta, don ita ce abin da za ta riƙa kallo ta tuna 'yarta. Wa zai yi jayayya da uwar da ta binne 'ya? Na haƙura, na tafi kwas ɗin ƙarin ilimi da aka tura ni, can nesa, na wata huɗu. A lokacin waya ba ta yawaita ba, labari sai wanda direba ya kawo.

Da na dawo na wuce ƙauye da 'yan riguna da na sayo mata. Na tarar da gidan shiru, ba tsohuwa ba yarinya. Ƙanena yana gyaran igiya a gindin darbejiya. Sai da na yi ta jan maganar kamar mai jan guga kafin na ji abin da ya faru. Tsohuwar ta kwanta ciwo, 'ya'yanta sun zo daga Nijar sun tafi da ita. Yarinyar ta kamu da gudawa ta rame, ya kai ta asibiti a Daura. Da ta ɗan farfaɗo, malamar jinya ta ga ba mace a tare da shi, ta ce akwai gidan rainon yara na gwamnati, ya kai ta can ta murmure, bayan damina ya ɗauko abarsa. Ya kai ta. Ya koma sau biyu ya gan ta ta yi kumatu. Zuwa na uku ya tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi ya ce rufin ya yi yoyo, an kwashe yaran zuwa babban gida a birnin jiha.

Na tambaye shi me ya yi da ya ji haka. Ya ce ya dawo gida yana jiran a aiko. Wata guda ke nan yana jira. Na faɗa masa maganganun da har yau nake neman gafarar Allah a kansu.

Washegari na shiga mota zuwa birnin. A babban gidan aka zaunar da ni a benci har azahar, sannan wata mata ta buɗe fayil ta karanta mini, cikin ladabi, cewa yarinyar da nake magana a kai tsintacciya ce, ba a san iyayenta ba, kuma akwai wasu mutanen kirki da suka nemi riƙonta, ana shirin miƙa musu ita bayan sallah ƙarama. Saura mako biyar. Na ce ni goggonta ce, ubanta yana raye, yana can yana gyaran igiya. Ta juyo mini da takardar ta nuna mini dangwalen yatsa a ƙasa. Wanda ya kawo ta da kansa ya shaida haka, in ji ta. Ko leƙen yarinyar ba su bari na yi ba, wai ba a nuna yaran gida ga wanda ba ya cikin fayil. A mota ina dawowa na yi kuka, na tsorata ƙwarai, don na san in aka kai ta wani gari aka sake mata suna, shi ke nan.

Da na tsare ƙanena sai asirin ya fito. Ranar da ya je ofishin jin daɗin jama'a cike takarda, baffanmu ne ya raka shi, ƙanen mahaifinmu, dattijon da kunnensa ya yi nauyi. Ma'aikacin, wani matashi, ya tambaye shi a gaban baffa ko 'yarsa ce. A wajenmu mutum ba ya buɗe baki ya ce ɗan fari nasa ne a gaban manya, ba ya ɗaukarsa, ba ya kiran sunansa. Ƙanena ya dubi ƙasa ya ce ta gidanmu ce. Aka tambayi sunanta, ga kunyar 'yar fari ga sunan uwa, ya yi shiru. Aka tambayi ina uwarta, ya ce Allah ya yi ikonsa. Baffa yana gefe yana jan carbi, bai ji ko ɗaya ba. A wancan lokacin kuwa ana yawan zancen jariran da ake yarwa saboda tsoron hukunci. Matashin ya dubi mutumin da ya ƙi haɗa ido da shi, ya yanke wa kansa hukunci, ya rubuta abin da ya rubuta. Ya miƙo tawada, ƙanena ya dangwala, ba wanda ya karanta masa.

Na je ofishin nan, wanda ke Daura, sau uku. Na farko aka ce ma'aikacin ya fita. Na biyu aka ce fayil ya bar hannunsu. Na uku shugaban ofishin ya ce mini sun bi ƙa'ida, in akwai kuskure daga mai dangwale ne. Na ce masa ni malamar makaranta ce, in yaro ya faɗi jarrabawa don ban karanta masa tambaya ba, ba yaron nake duka ba. Ya ce in rage murya. Ban rage ba.

Mijina ne ya ce in daina ɓata takalmi, in kai magana gaban alƙali. Na yi ta ɗari-ɗari, don a lokacin ana jin kotun shari'a sai a tuna bulala, amma na je. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya saurare ni har na gaji da kaina, ya ba da umarni a dakatar da miƙa yarinyar, ya aika wa ofishin sammaci, ya ce mu zo da shaidu. Muka zo da ungozomar da ta karɓi haihuwa, da limamin da ya raɗa suna, da wanzamin da ya yi askin suna, da mai gari. Baffa ma ya ce sai ya zo, ya zauna a gaba.

Shaidu suka gama, alƙali ya juya ga ƙanena ya tambaye shi ko yarinyar tasa ce. Wallahi sai ya sake sunkuyar da kai. Na ji kamar in tashi in shaƙe shi. Alƙalin ya dube shi, ya dubi baffa, sai ya ce wa masinja ya raka dattijo waje ya sha iska. Da ƙofa ta rufu ya sake tambaya.

"Allah ya gafarta malam, tawa ce," in ji ƙanena. "Ni na haife ta."

Tunda aka haifi yarinyar ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Daga nan alƙali ya kira matashin nan. Bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi ko shi na nawa ne a gidansu, ya ce na fari. Ya tambaye shi ko mahaifinsa ya taɓa kiran sunansa, ya ce har yau Babba yake ce masa. Alƙali ya ce to, ashe ba baƙon abu ya gani ba ranar nan. Ya kuma sa shugaban ofishin ya karanta ƙa'idarsu da ƙarfi, wadda ya ce sun bi. A ciki an rubuta cewa duk yaron da aka karɓa sai an je gidan da ya fito an bincika, kuma ba a sauya masa wuri sai an sanar da wanda ya kawo shi. Ba su yi ko ɗaya ba. Shugaban ya ce babur ɗin ofis ya lalace tun bara, ya rubuta sama ba a amsa ba. Alƙali ya ce to a kira na saman.

Ban zaci za su zo ba. Mako na gaba sai ga shugabar sashen yara na jiha da kanta, wata hajiya mai gilashi. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa mata, na jera shi tsaf. Ta miƙe kafin a ba ni dama.

"Laifinmu ne," ta ce. "Ba na uban ba ne. Mun karɓi amana ba mu je mun duba ba, mun kwashe yarinya ba mu faɗa ba. Muna ba da haƙuri."

Sai na rasa inda zan sa faɗan da na zo da shi. Na ce dai a rubuta, don na ga abin da takarda take yi wa mutum. Aka rubuta, ta sa hannu, aka ba ni kwafi. Aka gyara fayil ɗin, aka sa sunan uba da na uwa. Ta kuma yi alkawarin za a sake duba fayil ɗin sauran yaran da aka kwashe tare da tamu, kuma daga yanzu sai an tambayi mace daga dangi kafin a rubuta cewa yaro ba shi da kowa. Daga baya na ji an je ƙauyuka an bincika, an kuma kawo babur. Ko sun ɗore da hakan bayan ta bar kujerar, ban sani ba. Aka so a dakatar da matashin daga aiki, ƙanena ya roƙa a bar shi, wai shi ma yana da iyali. Na harare shi. Mutanen da suka nemi riƙon kuwa ban taɓa ganinsu ba. Sun aiko da kayan da suka riga suka ɗinka mata, abin ya taɓa zuciyata.

Ana saura kwana huɗu sallah motar gwamnati ta tsaya a ƙofar gidana a Sandamu da hantsi, don an shirya a wurina za ta zauna. Wata dattijuwa mai raino ta fito da ita a goye. Ta yi ɓul-ɓul, ta fara tafiya, ga haƙora. Na miƙa hannu, ta ƙanƙame matar ta tsala ihu. Ubanta ya matso, ta ɓoye fuska. Mun yi ta fafutuka a kan yarinyar da ba ta san ko ɗayanmu ba. Iya take kiran matar, ita kaɗai ta sani a duniya.

Direba yana ta duba agogo. Mai rainon ta ce in aka ɓamɓare ta yau za ta daina cin abinci, ta ga irin haka da yawa. Ta ce hajiyar ta ba ta izinin kwana bakwai in muna so. Ni da na rantse ba ma'aikacin gwamnatin da zai sha ruwan gidana, na shimfiɗa mata tabarma a ɗakina. Ta yi sallah da mu. Ta koya mini cewa yarinyar ba ta shan kunu da zafi, tana tsoron kaza, kuma sai an shafa mata baya take barcin rana. Kwana biyu na farko ita take ba ta abinci ina zaune kusa. Na uku ta riƙe kwano ni na ba ta. Na huɗu ta riƙa fakewa a bayan ɗaki tana leƙe. Na ga yadda take share ido da gefen mayafi, na gane cewa a cikin gidan da na yi ta zagi akwai wadda ta yi wata da watanni tana goyon 'yarmu kamar tata.

Ƙanena yana zuwa kullum a kan keke duk da nisan nan, ya zauna a zaure, in kai masa ita. Nan ba babba, daga ni sai shi, don haka yana ɗaukarta. Da farko kuka take. Daga baya ta gano aljihunsa da dabino.

Ranar bakwai motar ta dawo da safe. Mai rainon ta ɗaure ƙullinta, ta ce kada a kira yarinyar, kada a ce mata komai. Ta bi ta gefen zaure a hankali. Yarinyar tana zaune a cinyar ubanta tana ƙoƙarin cire masa hula. Ta ɗago ta ga matar tana fita, ta ce Iya, ta miƙa hannu ɗaya. Matar ba ta waiwayo ba, ta shiga mota. Yarinyar ta taɓe baki, ta yi kuka kaɗan, sannan ta juya ta kifa kanta a ƙirjin ubanta ta riƙe rigarsa.

Na koma tsakar gida na zauna a kan turmi. Tun ranar da na tarar da gidan ƙanena shiru ban ji yunwa ba, sai a lokacin. Na ɗauko sauran tuwon jiya na cinye shi da sanyinsa.