Sa Hannu Na Biyu

Mu shida ne muke da lasisin taɓa babban jirgin saman kamfaninmu a Fatakwal. Huɗu suka samu aiki a ƙasashen Larabawa, suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Manaja ya kira ni ofis, ya tambaye ni ko sai an ɗauko wasu injiniyoyin. Ni kuwa kujerar shugabanci nake hange, kuma na san abin da kunnensa yake son ji. Na ce, "Oga, mu biyu mun isa." Wallahi da bakina na faɗa, babu wanda ya matsa mini. Aka ba ni kujerar.

Na biyun shi ne wanda nake kira Yaya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya koya mini riƙon sifana, kuma layinmu ɗaya a unguwar Rumuokoro. Haifaffen unguwar Coal Camp ne a Inugu, inda mahaifinsa ya tsufa yana limancin masallacin mahauta.

A aikinmu, in aka taɓa abin da ke juya jelar jirgi, sa hannun mutum ɗaya ba ya isa. Wanda ya yi gyaran zai sa nasa, sannan wani mai lasisi ya bi ya duba tun daga farko, shi ma ya sa. In babu hannu na biyu, jirgi ba ya tashi. Kuma kafin a shiga rumfar gyara kowa sai ya zazzage aljihunsa, makulli, biro, waya, duk a bar su a akwati, kada wani abu ya faɗa cikin jirgi. Ni nake tsare wannan dokar, da zafi kuwa. Na taɓa korar mutum gida a kan carbi.

Wata Laraba na gama gyaran jela da sassafe, Yaya ya shiga dubawa. Jirgin zai tashi da yamma, an riga an cika kujeru. Ƙarfe tara wayar ofis ta yi ƙara. Ƙanin Yaya ne daga Inugu. Ya ce ya kira wayar yayansa har ya gaji, jikin Baba ya yi tsanani, tun asuba sunan Yaya yake kira. Na ce, "Subhanallahi! Yanzun nan zan gaya masa."

Na fito na tsaya a bakin rumfa. Ina hango ƙafafunsa sun leƙo daga cikin jelar jirgi. Na san halinsa, in na faɗa zai ajiye tocila ya kama hanya, kuma babu wani mai lasisin da zan kira. Manaja zai tambaye ni ina biyun da na ce sun isa. Sai na ce wa raina ai tsofaffi haka suke, su tayar wa mutane hankali da safe, da yamma su nemi koko. Na juya na koma ofis. Har ruwan sanyi na kai masa wajen sha ɗaya, ya sha ya sa mini albarka.

Ƙarfe ɗaya ya fito yana share gumi, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Aiki ya yi kyau, ƙanena." A nan na ce, "Af, Yaya, yanzun nan aka bugo daga gida." Yanzun nan! Ko idona bai ƙifta ba.

Bai tarar da tsohon ba. Ya rasu wajen ƙarfe uku, aka binne shi bayan la'asar, Yaya yana cikin mota a hanya. Jirgi kuwa ya tashi a kan lokaci, manaja har ya yaba mini.

Ranar addu'ar uku na bi 'yan unguwarmu zuwa gaisuwa. Muna zaune a tabarma a ƙofar masallaci, ƙanin nan ya ji muryata ya gane ni. Ya kama hannuna da hannu biyu. "Kai ne ka ɗaga waya ko? Allah ya saka da alheri. Tun ƙarfe tara nake ce wa Baba saƙo ya isa, ga shi nan tafe. Ƙofa yake ta kallo har Allah ya karɓi abinsa."

Yaya yana jan carbi, sai yatsunsa suka tsaya. Ya ce, "Ƙarfe nawa ka ce?"

Ƙanin ya ce, "Tara, Yaya."

Bai dube ni ba. Na so ya zage ni, na so ya shaƙe ni a gaban jama'a, da na samu sauƙi. Sai kawai ya turo mini kwanon tuwo ya ce, "Ci abinci, Oga. Ka sha hanya."

Bayan mako guda ya dawo aiki, don har yau mu biyun ne. Yana duba gyarana ƙusa ƙusa, ya sa hannu, ya miƙo mini takarda ba tare da ya ɗaga kai ba. Bai sake ce mini ƙanena ba. Kullum da safe ina tsaye a bakin rumfa kowa yana zazzage aljihu, shi kuma ya ajiye makulli da biro, ya wuce ta gabana da waya a aljihun ƙirjinsa, ina ganin shatinta sarai. Ban taɓa iya ce masa ya ajiye ta ba.