Zaren da Kamala Ta Ɗaura wa Yaya Haruna

Ranar Talata bayan la'asar Fahad, ɗan yayana Haruna, ya kira ni ya ce: "Gwaggo, Baba ya tafi, halas, shi ke nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da na zo umara na zauna a unguwar Bani Malik ba iƙama, wato takardar izinin zama, yayana Haruna ne gatana, kuma har yanzu ban san yadda zan zauna a garin nan babu shi ba.

Direba ne, ba mai yawan magana ba. Duk sanda na zo masa a firgice sai ya ce, "Hadiza, sha ruwa tukun, sannan ki gaya min."

Wata shekara, ana tsananin zafi, wata 'yar Indiya mai suna Kamala, 'yar aiki a maƙwabtanmu, ta faɗo ɗakina fuska a kumbure. Matar gidan da take wa aiki ce ta dake ta, fasfonta kuma na hannun kafili, ubangidan da ya ɗauko ta aiki. Na san ɓoye wadda ta gudu ya isa a kwashe mu duka. Na roƙi Yaya ya sallame ta. Ya ce, "Ta shigo mana da kuka, Hadiza. Ba zan mayar da ita titi ba."

Haka ta zauna da ni. Ko ƙofar wani aka ƙwanƙwasa, sai in ɗauka 'yan sanda ne. Wata safiya da Yaya ya kawo mana burodi, ta fito da jan zaren da ta zare daga gefen mayafinta. Cikin guntun Larabcinta ta ce yau ne bikinsu na 'yan Hindu, Rakhi, ranar da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu, shi kuma ya yi alkawarin kare ta. Nata yayan yana can ƙauyensu. Yaya ya ce, "Ni Musulmi ne, zare ba ya kare kowa sai Allah. Amma in yaya kike nema, kin samu." Ya miƙa hannu.

Washegari ya sa mu a mota cikin niƙabi, zuwa ofishin jakadancin ƙasarsu. A hanyar unguwar Ruwais muka faɗa shingen bincike. Ɗan sanda ya karɓi iƙamar Yaya, ya leƙo baya ya daɗe yana kallonmu. Kamala ta riƙe yatsuna har farcenta ya shige min.

"Su wa ke nan?"

"Ƙannena ne," in ji Yaya.

"Yalla, wuce."

Kamala ta koma Indiya lafiya. Shi kuwa har ya bar duniya bai taɓa ba kowa labarin ba.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba matarsa Binta da Fahad da ƙannensa haƙuri, ya raya su cikin aminci. Ya Allah, Yaya ya tsaya wa baƙuwar da ba ta da kowa. Ka tsaya masa ranar da babu mai tsayawa sai kai. Amin.