Masarar Alhaji Sule da Haƙorina

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Sule ya buɗe baki a asibitinmu na haƙori a Funtuwa ba. Ni ne mai haɗa haƙoran roba: in auna, in ƙera, likita ta manna. Likitarmu Dakta Ngozi ce, haifaffiyar garin, Hausarta ta fi tawa. Ta leƙa ta ce, "Alhaji, dutse kake ci?"

Haƙoran sun cinye, sun kusa yin daidai da dasashi. Ashe dillalin masara ne. Shekara da shekaru ba ya sayen buhu sai ya jefa ƙwaya a baki ya ciza. In ta ce ƙas ta bushe, in ta yi shiru da sauran danshi. Har Malumfashi hukuncin haƙorinsa ake bi.

Wata biyu muka yi muna sa masa hula, wato murfin da ake kifa wa haƙorin da ya cinye. Ranar gamawa likita ta sa masa 'yar takardar da ake cizawa don a ga inda haƙora ke haɗuwa. Ya ciza, ya lumshe ido, ya ce, "Wannan a ƙara shanya ta."

Ta kafa masa doka: ba masara, ba rake, ba ƙashi.

Da kaka sai ga shi da ƙulli uku na samfurin masara a aljihu. An kawo masa masara mota guda daga Musawa, yana tsoron ɗanya ce, in ta ruɓe wa masu saye sunansa ya ɓaci. Ya ja ni gefe.

"Malam Habu, naka lafiyayyu ne. Ciza mini, ni in saurara."

Tausayi ya kama ni, ga kuma son a yaba. Ya kara kunnensa a kumatuna. Ta farko shiru, ta biyu shiru. A ta uku sai muka ji ƙas.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, wannan ta bushe."

Na tofa a tafina. Ƙwayar tana nan lafiya lau, ɗanya shar, ɓarin haƙorina na kwance kusa da ita. Alhaji ya duba, ya fasa sayen masarar, ya yi mini godiya sosai. Likita kuwa dariya ta hana ta yi mini faɗa.

Hular da ke bakina yanzu ni na ƙera ta da hannuna. Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: kafin mutum ya buɗe baki, ku tambaye shi sana'ar haƙoransa. In ya ce masara, ku rufe naku.