Gidan Sauron Kawu Sule

Shekarar da aka yi rusau a Karmo muka koma Tungan Maje, mu da kakarmu Iya da ƙanen mahaifina, Kawu Sule. Rusau ya ci shagonsa, sai ya koma zuwa rafi yana jan kifi da gidan sauro.

Iya 'yar masunta ce. A bakin teku ta girma, inda sana'ar kamun kifi ta kai mahaifinta daga Yawuri. Bayan magariba, in mun jingine alluna, mukan kewaye ta a gindin murhu. Ran nan Kawu ya dire kwano cike da 'yan kifi, babu wanda ya kai tsawon yatsa. Ta leƙa, ta kau da kai.

"Ku matso," in ji ta. "Tatsuniyar yau ba ta yara kaɗai ba ce."

Wai a wani gari na bakin teku, da damina ta faɗi sarkin ruwa kan kafa sanda, ya ɗaura mata ganyen kaba. Muddin tana tsaye ba mai jefa taru, don lokacin ne kifi ke shiga saiwoyin itatuwa ya zuba ƙwai. Wani mai wayo ya saƙa taru mai ƙanƙanen ido, ya tsallake sandar. Ya ci ya ƙoshi, maƙwabta suka kwaikwaye shi. Da shekara ta kewayo uwar kifi ta zo neman 'ya'yanta, ta rasa ko ɗaya, ta juya cikin teku ba ta sake waiwayowa ba. Garin ya watse.

Kawu ya yi yaƙe. "Iya, nan fa Abuja ce. Ina sarkin ruwa? Yunwa ce sarki."

"Allah na nan, Sule. Rabon jikokina ka ara. Ni dai ba zan ci ba."

Ba ta ci ba har Allah Ya karɓi abarsa. Sai da na girma na gane ba Kawu take ƙi ba, ruwan take tausaya wa, don ba shi da mai tsaya masa. Yau rafin leda ce da kwata, ko kwaɗo ba ya kuka.

Bara Kawu, da furfurarsa, ya sa na kai shi wata gonar kifi a Kuje, ya sayo 'yan tarwaɗa cikin jarka. Muka wuce rafin, ya tsuguna ya juye su cikin baƙin ruwan. Na san da wuya su rayu, shi ma ya sani. Ya daɗe bai tashi ba.

"Iya, na mayar," ya ce. "Ki yafe mini sauran."