Jar Rigar Kaza

Shekara talatin Inna mai ɗinki ta yi tana taka keke, har gwiwoyinta suka ce ba su san zance ba. Da ta rage karɓar aiki sai ta koma kiwo a bayan gida: kaji shida da wani farin zakara da ta raɗa wa suna Sarkin Naci.

Tun da sassafe yake kama aiki, ba hutu, ba kunya. Duk cikin kajin kuma ya fi matsa wa wata 'yar wake-wake, wadda ita kaɗai ce ke kwanci ta ƙyanƙyashe lafiya. Ya tuje mata gashin baya tas da farata, har fatar ta fara tsagewa. Inna kuwa ba ta da abin ƙauna a gidan kamar kazar nan.

Ta ɗaure shi a gindin gwaiba, ya yini yana cara har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Inna, don Allah ki sa a yanka ɗan banzan nan mu huta."

"In an yanka shi, ke za ki ba ni 'yan tsaki?"

Ƙanin Inna ya ce ta ƙaro wa zakaran mata. Ta ƙaro huɗu. Ya kalle su a wulaƙance, ya koma kan wadda ya saba. Inna ta gaji, gajiya irin wadda ko faɗa ba ta bari a yi.

Rannan sai ta tuna ai ita tela ce. Ta auna bayan kazar da tef, ta zazzage buhun ƙyallaye, ta zaɓi wanda ya fi kauri da kyau, ja wur. Ta ɗinka 'yar riga mai roba ta ƙarƙashin fukafukai, har da kalmasa. Ta sa mata, ta yi dariya ita kaɗai, ta tafi asibiti ganin likitan gwiwa.

Ba wanda ya taɓa gaya mata kaji na ganin ja su ɗauka jini ne, su hau sara. Kafin ta dawo da la'asar, tara sun yi wa ɗaya taron dangi. Ta same ta kwance bayan kaskon ruwa, ta riga ta sandare. Zakaran yana can gefe yana tonon ƙasa, babu ko ɗigon jini a bakinsa.

Ta durƙusa da ƙyar, ta zare rigar, ta juya ta a hannu. Ko zare ɗaya bai ɓalle ba.