Ƙwan Turawa

Har yau in na ji ƙamshin dafaffen yalo, gidanmu na Bambeye nake tunawa, shekarar da ƙyanda ta kama ƙanwata.

Ƙurajen sun bushe, amma ta ƙi abinci. A ba ta hura ta kau da kai, a ba ta kunu ta tofar. Ƙwai kawai take kira, don ta taɓa ganin ana soya shi a tasha. Kakarmu kuwa ba ta yarda yaro ya ci ƙwai, ta ce yana sa sata. Kuma ko ta yarda, annoba ta share kajin garin tun da rani. Yarinya ta rame, har awarwaronta na zamewa daga hannu.

Cikin kwanakin nan babanmu ya dawo daga Ikko, inda yake gadin gidan wani Bature. Ya daɗe zaune yana kallonta, sannan ya tashi ya nufi garkar kakarmu bakin rijiya, ya tsinko fararen yalo ƙanana. Ya sa innarmu ta dafa, ya ɓare da kansa, ya barbaɗa gishiri. Ya ce mai dafuwar gidan da yake aiki ya gaya masa Turawa na kiran wannan abu eggplant: egg shi ne ƙwai, plant kuma tsiro.

"Ɗiyata, ga ƙwan Turawa," ya ce mata. "Su nasu ba kaza ka yin shi ba, shuka shi sukai."

Ta dube shi, ta dubi kakarmu. Tsohuwa ta ce in dai wannan ne, babu sata cikinsa. Ƙanwata ta gatsa, ta yamutsa fuska don ɗaci, ta haɗiye. Ta ci biyu. Washegari ta nemi ƙari, daga nan ta koma shan hura.

Da na shiga kwaleji a Tawa na tarar kalmar eggplant ɗin gaskiya ce. Malaminmu na Ingilishi ya ce a Amurka aka fi faɗinta, ’yan Ingila kuwa aubergine suke cewa, kamar Faransawa. Hoton littafin wani dogo ne baƙi, ba ya kama da ƙwan kowane tsuntsu.

Yanzu irin dogon yalon nan ya cika kasuwar Tawa, likita kuma na cewa a ba yara ƙwai. Ƙanwata ’ya’yanta biyar, tana soya musu. Babanmu ya rasu, kuma har ya koma ga Allah ba ta daina yi masa tsiya ba, wai ya cuce ta ƙwai biyu.