Ƙamshin Ruwa a Gangaren Iku

Ban taɓa mantawa da ranar da aka fara haƙa rijiya a inda ni da kaina na nuna ba. Tun da ku sababbin 'yan koyon aiki kuna yawan tambayata yadda na haɗa aiki da karatu, bari in ba ku labarinta.

A lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta ilmin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma ina koyon aiki a wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse a nan Suleja. Litinin zuwa Laraba ina bakin aiki, Alhamis da Juma'a ina aji. Akwai littafin da nake rubuta duk abin da na yi, ogana Injiniya Lawal ya sa hannu, malamina na jami'a Dakta Ishaku ya duba ya ba da maki. In babu sa hannun nan, babu digiri.

Ga wanda bai san aikin ba, ba a haƙa da ka, sai an auna ƙasa. Mukan kafa ƙarafa a jere, mu ja waya, mu tura wuta kaɗan cikin ƙasa. Ƙarƙashin Suleja dutse ne, ruwa kuma ba ya zama sai inda dutsen ya tsage. Inda akwai tsaga mai ruwa, wutar takan wuce da sauƙi, na'ura ta nuna. Tun ranar da Dakta ya zana mana wannan a allo garin ya sauya mini. In na shiga mota daga gidanmu a Gauraka, sai in ga kamar kwalta ta zama gilashi, ina hango ruwa yana tafiya a hankali cikin duhu, ƙarƙashin masu abinci da kanikawa, ba wanda ya san da shi. Sau nawa ana wucewa da ni inda zan sauka!

Da rani mutanen wata sabuwar unguwa a Iku suka zo ofis. Yawancinsu 'yan haya ne masu aiki a Abuja, sun haɗa kai da manoman wurin. Sau biyu ana haƙa musu ana tashi a banza. Injiniya yana kan wani aiki a Tafa, sai ya ce, "Bilkisu, ɗauki na'ura ki je. Inda kika ce, nan za mu haƙa."

Kwana biyu na yi ina awo. Mai unguwa ya so a yi a ƙofar masallaci, amma awo ya nuna can gangare, gefen gonar doyar wata tsohuwa, Mama Ladi. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, can ne." Ya dube ni, ya dubi hular kwanon da ta fi ƙarfin kaina, ya ce, "To, 'yata, Allah ya sa ki fi na baya sa'a." A takarda na rubuta za a tarar da tsagar a wajen mita hamsin.

Ranar Laraba aka kunna inji. Mai tuƙa shi, Oga Sunday, ya fara haƙa tun ban shiga firamare ba. Shi ke ɗaura rodi, wato dogon ƙarfen da ake ƙarawa ɗaya bayan ɗaya in rami ya yi zurfi. Ni kuma in tari ƙurar da ke fitowa, in jera ta tsibi-tsibi, in rubuta launinta. Ja, sai ruwan toka, sai fara kamar garin rogo. Har yamma ba a gama ba, ga shi washegari ranar aji ce. Na buga wa Dakta waya ina inda-inda. Ya ce, "Zauna a wurin, ramin ma aji ne. Ƙullo mini ƙurar kawai."

Alhamis da hantsi muka wuce mita hamsin, ƙura fara fat. Sittin, fara. Matan da suka zo da bokitai tun safe suka fara sulalewa ɗaya-ɗaya. Oga Sunday ya rage wuta ya matso. "Ƙanwata, saura rodi biyu. In babu, mu kwashe kaya."

Na kira Injiniya a waya. Na zaci faɗa zai yi, sai ya ce, "Ba ni na auna ba. Kin yarda da awonki?" Na sake bin takardar da yatsa. Na ce, "Tsagar tana nan, Yallaɓai. A zurfi na yi kuskure." Ya ce, "To, a sa su."

Aka sa rodi na farko. Na zauna kan kunyar doya kusa da Mama Ladi, ita kaɗai ba ta tafi ba. Ta miƙo mini gyaɗa. Ƙarar injin ta yi ta nisa a kunnena har na daina jin ta. Can nesa Dutsen Zuma yana lilo cikin kawalwalniya. Sai na ji kamar ni ce ke sauka cikin ramin, ina wuce jar ƙasa, ina wuce farin dutse, sanyi yana ƙaruwa, ga duhu marar ban tsoro, irin na cikin randa. Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba.

Mama Ladi ce ta taɓa gwiwata. "Yarinya, kin ji?" Ba jin kunne take nufi ba. Ƙamshi ne, irin na ruwan fari in ya sauka kan busasshiyar ƙasa, alhali ko ɗigon girgije babu a sama. Na dubi bakin ramin. Ƙurar ta daina tashi, ta yi duhu, tana faɗowa dunƙule-dunƙule. A tsakiyar rodin ƙarshe sai ga taɓo, sai ruwa ya yi tsiri sama ya sauko mana a ka, rana ta ratsa shi har da ɗan bakan gizo. Oga Sunday ya cire hularsa ya tara. Matan nan ban ga ta inda suka ɓullo ba, guɗa kawai na ji. Ni dai ina tsaye sharkaf, takarda ta narke a hannuna.

Ruwan ba mai yawa ba ne, na famfon tuƙa-tuƙa ne, amma har yau bai ƙafe ba. Ranar Litinin na kai littafina, na cika shafi da labarin nasara. Injiniya ya karanta, ya ture shi. "Ina kuskuren mita kusan ashirin? Da rodi bai kai ba fa? Rubuta shi, da dalilinsa." Na koma na rubuta, sannan ya sa hannu. Dakta ma a wannan shafin ya fi daɗewa.

Saboda haka ba zan hana ku mafarki ba, don aikin nan ba ya yiwuwa ga wanda ba ya iya hango ruwa cikin dutse. Amma duk inda kuka nuna da yatsa, ku tsaya a wurin har a kashe inji, a samu ko kada a samu. Mutanen sana'ar nan suna yafe kuskure. Gudu ne ba sa yafewa.